FASHIN BAƘI: Dangin sinadarai biyu da ke shiga buhun wake da kwalbar maganin yara a karkarar Kano

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, manoman Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir kan tsinke wake, su sussuke, su sheƙe, sannan su fuskanci tambayar da ta fi noman kansa wuya: ta yaya za a ajiye shi har farashi ya tashi ba tare da ƙwaro ya mayar da shi gari ba? Da yawa daga cikinsu kan nemi amsa a teburin mai maganin feshi a kasuwar ƙauye, a cikin kwalbar da aka yi wa rubutu da Turanci ko Faransanci, ko kuma wadda ba ta da rubutu ko kaɗan.

Kusa da wannan tebur akwai kemis, inda uwa ke sayen maganin ruwa mai zaƙi idan jaririnta na zazzaɓi ko yana haƙori. A ido babu abin da ya haɗa kwalaben biyu. A ilimin sinadarai kuwa, tarihin gubar da kowacce ta taɓa ɗauka yana komawa ne ga dangi biyu da ɗaliban sakandare ke haddacewa domin jarrabawar WAEC da NECO: alkohol da haloalkan. Sinadarai daga waɗannan dangi sun kashe yara a Zariya da Jos, sun kwantar da ɗalibai a Gombe, sun kuma sa ƙasashen duniya ƙulla manyan yarjejeniyoyi biyu da Najeriya ta sa wa hannu. Sanin yadda aka gina su shi ne matakin farko na sanin wanda ya kamata a tuhuma idan an yi sakaci.

Kabon mai hannu huɗu

Kusan duk abin da ke da rai, da man fetur, da roba, an gina su ne a kan ƙwayar zarra ta kabon. Kabon na da hannu huɗu, kuma kowane hannu sai ya riƙe wani abu. Idan dukkan huɗun suka riƙe haidurojin, an sami metan, CH4, iskar da ke fitowa daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Idan kabon ya riƙe ɗan'uwansa kabon suka yi sarƙa, sauran hannayen suka cika da haidurojin, an sami dangin alkan: etan mai kabon biyu, furofan mai uku da butan mai huɗu. Biyun ƙarshe su ne gas ɗin girki. Alkan na cin wuta, amma ba ya narkewa a ruwa, kuma ba ya saurin haɗuwa da wasu sinadarai.

Komai na canzawa da zarar an cire haidurojin ɗaya an sa wani abu a gurbinsa. Idan aka sa oksijin mai riƙe da haidurojin, wato OH, an shiga dangin alkohol. Idan aka sa ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan huɗu da ake kira halojin, wato fulorin, kulorin, buromin ko aidin, an shiga dangin haloalkan. Wannan ɗan canji shi ke yanke hukunci a kan ko sinadari zai narke a ruwa ko a kitse, ko hanta za ta iya sarrafa shi, da kuma tsawon zaman da zai yi a ƙasar gona.

Alkohol ya fi giya faɗi

A bakin jama'a, alkohol giya ce kawai, kuma a Kano, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ambatonta kan tuno da kwalaben da Hukumar Hisbah ke farfasawa. A ilimin sinadarai sunan dangi ne mai ɗaruruwan 'ya'ya, wanda mafi yawansu ba a sha. Kalmar kanta daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwalli ko tozali, kafin Turawa su mayar da ita sunan abin da aka tace.

Mai bugarwa a giya shi ne etanol, C2H5OH. Yis ne ke yin sa idan ya ci sukari babu iska, ya fitar da shi tare da iskar kabon. Wannan aiki ne ke kumbura ƙullin burodi da fanke, shi ne kuma ke mayar da tsiron dawa burukutu. Ƙaninsa metanol, CH3OH, mai kabon ɗaya, na masana'antu ne. Akwai aisofurofanol na goge fata kafin allura, akwai gilisarin mai OH uku, wanda ke fitowa idan an dafa mai da ruwan toka ana yin sabulu. Man tsaftace hannu da ya cika gari lokacin korona a 2020 ma alkohol ne: tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ya ƙunshi etanol kashi 80 cikin 100 ko aisofurofanol kashi 75.

Ƙarfin OH yana cikin kamanninsa da ruwa. Oksijin na jawo lantarkin haɗin zuwa ɓangarensa, sai gefe ɗaya ya ɗan yi nauyi, ɗayan ya ɗan yi sauƙi, ƙwayoyin su riƙa manne wa juna da kuma ruwa. Ana ganin tasirin a ma'aunin zafi: metan na tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri, amma metanol, wanda bambancinsu oksijin ɗaya ne tak, sai ya kai digiri 65 sama da sifiri. Etanol na tafasa a digiri 78. Saboda wannan kamanni da ruwa, ƙananan alkohol na shiga jini cikin mintuna, su ratsa ko'ina a jiki.

Hanta ce ke yanke hukunci

Idan alkohol ya isa hanta, wani sinadarin jiki mai gaggauta aiki yakan zare masa haidurojin. Inda OH ke ƙarshen sarƙa, alkohol ɗin na zama aldehaid, daga nan ya zama asid. Inda yake tsakiya, kamar a aisofurofanol, yana zama keton ya tsaya. Inda kabon mai riƙe da OH ke kewaye da wasu kabon uku, wannan aiki ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Wannan rabe-rabe uku ne malamai ke tambaya a jarrabawa, shi ne kuma likita ke tunawa a ɗakin gaggawa.

Etanol na zama asitaldehaid, mai sa ciwon kai da lalata hanta a hankali, sannan ya zama asid ɗin da ke cikin binega, jiki ya ƙone shi. Metanol na bin hanya iri ɗaya, amma inda yake sauka daban ne. Yana zama fomaldehaid, wanda ruwansa ne fomalin da ake adana gawa da shi, sannan ya zama asid ɗin fomik, wanda ke kashe jijiyar ido ya kuma sa jini ya yi tsami. Kimanin mililita 10 na tsantsar metanol, cokalin shayi biyu ke nan, na iya makantar da mutum, mililita 30 kuma na iya kashe shi. Alamun kan jinkirta awa 12 zuwa 24, don haka wanda ya sha yakan zaci ya tsira.

A watan Afrilun 2015, aƙalla mutum 18 sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan sun makance, aka fara danganta abin da fushin abin bauta kafin bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Bayan wata biyu, irin wannan ta kashe mutane kusan 70 a jihar Ribas. A Iran, inda giya haramtacciya ce a doka, fiye da mutum 700 suka mutu a farkon 2020 bayan jita-jitar cewa shan alkohol na maganin korona. Darasin ga Kano a fili yake: haramci ba ya hana metanol shiga gari, domin yana zuwa ne a jarkar masana'anta, ya kuma iya ɓuya a jabun man tsaftace hannu ko jabun turare. A asibiti ana maganin gubarsa da fomefizol ko da etanol ɗin likita, domin su shagaltar da hanta har metanol ya fita, tare da wankin ƙoda idan abin ya yi tsanani.

Zaƙin da ya kashe jarirai

Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka masu haɗa maganin yara ke narkar da shi a gilisarin ko a furofilin gilaikol, alkohol mai OH biyu da jiki ke iya sarrafawa lafiya. Akwai wani mai kama da su a launi da kauri da zaƙi, ga shi kuma ya fi araha: dayetilin gilaikol, wanda ake taƙaitawa DEG, ana amfani da shi a man birki da sauran kayan masana'antu. Hanta na mayar da shi asid masu kashe ƙoda. Yaro ya yi amai, fitsari ya ɗauke, jiki ya kumbura, cikin kwanaki a rasa shi.

A 1937 wani magani da aka narkar a DEG ya kashe fiye da mutum 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar abinci da magunguna ta 1938. A 1990 farasitamol mai DEG ya kashe yara fiye da 100 a Najeriya, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jos. Bayan shekara uku, a 1993, aka kafa Hukumar NAFDAC. Duk da haka, a ƙarshen 2008 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da takwarorinsu na Legas da Ibadan suka fara ganin jarirai da mutuwar ƙoda. An gano tushen a maganin haƙori mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas. Gwamnati ta ƙidaya yara 84 da suka mutu. A watan Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 abin ya maimaitu a Gambiya, inda yara kusan 70 suka mutu bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Uwa a Kunchi ba ta da hanyar bambance DEG da gilisarin, mai kemis ma haka. Na'urar ɗakin gwaji ce kaɗai ke iya yi, kuma a kan gangar sinadarin ya kamata a yi gwajin tun kafin a haɗa maganin. Saboda haka wannan guba ba ta jahilcin mai saye ba ce, ta sakacin mai haɗawa ce da raunin mai sa ido.

Haloalkan: mai gudun ruwa, mai son kitse

A ɗauki metan a sake. Kulorin ɗaya a gurbin haidurojin ya ba da kulorometan, biyu daikulorometan, uku kulorofom, huɗu kabon tetrakuloraid. Haɗin kabon da halojin shi ma yana da gefe mai nauyi, amma ba ya iya manne wa ruwa irin yadda OH ke yi. Don haka haloalkan ba sa gauraya da ruwa, sai dai da mai da kitse. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa cike suke da kitse. Wannan ne ya sa likitan Sukotland James Young Simpson ya fara sa marasa lafiya barci da kulorofom a 1847, ya kuma sa halotan, wanda aka fara amfani da shi a 1956, ya daɗe yana aiki a ɗakunan tiyata na Afirka.

Akwai gada tsakanin dangin biyu. Kabon da ke riƙe da halojin yana da ɗan ƙarancin lantarki, don haka idan aka dafa haloalkan da ruwan soda mai ƙarfi, OH kan kai masa farmaki ya ture halojin ya zauna a gurbinsa, haloalkan ya koma alkohol. Saurin wannan musaya ya dogara da ƙarfin haɗin: na aidin ya fi saurin tsinkewa, sai buromin, sai kulorin, na fulorin kuwa da ƙyar yake motsi. Idan aka tara kulorin da yawa a ƙwaya ɗaya suka kewaye kabon, ruwa da rana da ƙwayoyin halittar ƙasa duk sukan sha wuya kafin su rusa ta. Wannan taurin kai shi ya sa masana'antu suka so su, shi ne kuma ya zama masifarsu.

Daga DDT zuwa gamalin

A 1939 masanin Suwizalan Paul Müller ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fara gwada irin waɗannan magunguna masu kulorin a kan sauro a Afirka. A 1954 aka fara feshin gidaje a yankin Birnin Kebbi da DDT da dildirin da BHC, kuma cikin shekara guda zuwa biyu aka gano cewa sauron zazzaɓi ya daina jin dildirin. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da shahararren bincikenta a Garki, wadda ke jihar Kano a lokacin, daga 1969 zuwa 1976, da wani magani na wani dangi daban aka yi feshin. Littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring, na 1962, ya fallasa yadda DDT ke taruwa a jikin tsuntsaye da kifi, Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972.

Wanda manoman Arewa suka fi sani shi ne gamalin, daga sunan kasuwa Gammalin 20. Sinadarinsa lindan ne, C6H6Cl6: zoben kabon shida, kowanne riƙe da kulorin ɗaya. An yi amfani da shi a gona, a rumbu, a kan ƙwarƙwata, har da zuba shi a ruwa domin kifi ya taso. Yana toshe birkin da ke kwantar da jijiyoyi, shi ya sa wanda ya sha ke jijjiga kamar mai farfaɗiya. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma ta jihar Gombe suka kwanta a asibiti bayan cin wake, gwaji ya nuna lindan. A wannan shekara NAFDAC ta haramta magungunan gona 30, har da lindan da DDT da endosulfan. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, ta sa lindan a jerin abubuwan da za a kawar a 2009, endosulfan a 2011. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana lindan a matsayin mai haddasa kansa ga ɗan'adam.

Kimanin miligiram 7 na lindan ne kawai ke narkewa a litar ruwa. Ma'ana, wanke wake da jiƙa shi ba sa ba da tabbacin kuɓuta. Haka kuma al'adar ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara na iya ƙara masa illa, domin mai shi ne jirgin da ke kai irin wannan sinadari cikin jini. Ba a tilasta masa amai. Abin da ke taimako shi ne gaggawar kai shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

Me ya sa karkarar Kano ta fi zama cikin haɗari?

Masu nazarin ƙasa, musamman Michael Mortimore da ya shafe shekaru yana bincike a yankin, sun bayyana karkarar da ke kewaye da birnin Kano a matsayin ɗaya daga cikin wuraren noma mafi cunkoso a Afirka ta Yamma. Ɗaruruwan mutane ke zaune a kowace murabba'in kilomita, kuma gona ba ta hutawa. Abin da ya raya ta tsawon ƙarnoni shi ne zagayen da babu abin da ke zubewa a cikinsa: ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa, a ciyar da awaki da tumaki da shanu harawa da kara, a kwashe takinsu a mayar gona.

Wannan zagaye mai albarka yana da rauni guda. Sinadarin da ba ya ruɓewa, idan ya shiga, zagayawa zai yi ta yi. Daga harawa ya shiga kitsen dabba, daga nan ya shiga nono da man shanu, ya isa jikin mutum, ya taru a kitsensa, mace mai shayarwa kuma ta miƙa wa jaririnta. A kowane mataki yawansa ƙaruwa yake yi, saboda jiki na ajiye shi maimakon fitar da shi a fitsari. Ga gida da rumbu da rijiya da turke duk a fili ɗaya, ga kuma jarkar maganin feshi da aka ɗauraye ta koma ta man gyaɗa ko ta ruwan sha.

Abin da aka zuba a buhu a ƙauye kuma ba ya tsayawa a ƙauye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa na cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga can wake ke tafiya Legas, Fatakwal da ƙetare.

Fiya-fiya ba gamalin ba ne

Ana yawan haɗa su, amma dangi daban ne. Abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne DDVP. Yana ɗauke da kulorin biyu, amma gubarsa daga ɓangaren fosfarus take. Ba ya daɗewa a ƙasa kamar lindan, sai dai yana kisa da sauri: yawu ya dalalo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a watan Yunin 2015, bayan an sami miligiram 0.03 zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakarta 0.01 ce, ta kuma tsawaita dakatarwar a 2016. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Tambayar da ta rage ita ce: waken da Turai ta ce bai dace da cikin mutanenta ba, cikin wa ya shiga?

Kwalbar da ake shaƙa

Hukumar NDLEA ta sha kama abin da matasa ke kira sukudai a Kano. Sunan kasuwa ne, ba na sinadari ba, kuma mai saye bai san abin da aka ɗura masa ba. Inda abin da ke ciki ya kasance daikulorometan ko kulorofom, haɗarin sananne ne. Daikulorometan, wanda ake cire fenti da shi, na tafasa a digiri 40, zafin da Kano kan wuce a watan Afrilu, don haka buɗe murfi kaɗai ya isa ya cika huhu da tururinsa. Hanta na mayar da wani ɓangarensa iskar nan mai guba ta hayaƙin janareta, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin. Kulorofom na lalata hanta da ƙoda. Dukkansu na sa zuciya ta rikice idan mutum ya firgita ko ya yi gudu, ta tsaya nan take, ko da a shaƙar farko ce. A 2024 Amurka ta haramta mafi yawan hanyoyin amfani da daikulorometan. A nan, tambayar ita ce ta yadda ganga ke fita daga hannun mai lasisin shigo da sinadari ta ƙare a ƙananan kwalabe a bayan tasha.

Har sararin samaniya

Wasu haloalkan ba sa cutar da mutum kai tsaye. Gas ɗin tsofaffin firji, CFC, ba ya cin wuta, ba shi da guba, ba ya ruɓewa. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa yana hawa sama har inda hasken rana mai ƙarfi ke ɓalle masa kulorin, kuma kulorin ɗaya na iya rusa dubban ƙwayoyin ozon, rigar da ke kare duniya daga hasken da ke ƙona fata da lalata ido. A 1985 aka ba da rahoton ɓular wannan riga a saman Antatika, a 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal. Ƙasashe masu tasowa sun daina CFC a 2010, sun kuma daina metil buromaid, wanda ake turara hatsi da shi, a 2015, in ban da turaren kayan da za a fitar waje ƙarƙashin kulawar hukuma. Wannan yarjejeniya ta nuna cewa ana iya korar sinadari daga kasuwa idan an bi shi tun daga masana'anta da tashar jiragen ruwa.

Ina mafita, kuma wa za a tambaya?

Ajiyar wake ba ta buƙatar guba. Ƙwaro na buƙatar iska, idan aka toshe ta mutuwa yake yi. Wannan ce hikimar buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi sosai a 2007, ana kuma ƙera shi a Kano. Duro ko jarka mai rufi gam na yin irin wannan aiki, matuƙar waken ya bushe sosai kuma an cika mazubin. Cibiyar IITA na da gonar gwaji a Minjibir, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, akwai hukumar KNARDA da malaman gonarta. Ilimin yana nan kusa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne isar sa ga manomi kafin mai tallan kwalba ya riga shi.

A nan ne siyasa ke shigowa. 'Yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi kan raba injin feshi da magani a matsayin tallafi. Matashin da ke bibiyar kasafin mazaɓarsa na da damar tambaya: wane sinadari ne a kwalbar, yana da rajistar NAFDAC, an haɗa da safar hannu da takunkumi, an koya wa masu karɓa yadda ake aunawa? Malaman gona nawa ke aiki a ƙaramar hukumar, kuma yaushe rabon da a ɗauki sababbi? Sau nawa ake ɗibar samfurin wake a Dawanau a gwada, kuma ina ake wallafa sakamakon? Me ya hana a wajabta rubuta gargaɗin guba da Hausa, a boko da ajami, a kan kayan da Hausawa ne mafi yawan masu sayensu? Babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta na da maganin gaggawa na guba, kuma ina ne wurin wankin ƙoda mafi kusa ga yaron da fitsarinsa ya ɗauke?

Haramcin da aka rubuta a Abuja a 2008 da 2019 ba ya aiki da kansa a kasuwar ƙauye. Yana buƙatar jami'in da zai je, da ɗakin gwajin da ke da wuta da kayan aiki, da kotun da za ta hukunta, da kasafin da zai ɗauki nauyin duka. Waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙidayawa, ana kuma iya neman bayaninsu a rubuce ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, tun kafin kakar wake mai zuwa.